Kujera Ɗaya ta Bayan Dutse

A ƙasar Kurfai, idan mutum ya baro Baleyara ya nufi Filinge, akwai wani dogon dutse mai ja-ja da yake raka shi ta hannun dama. Wannan dutse shi ya raba komin ɗin Maigawo, wato ƙaramar hukumar, gida biyu. Gindinsa kwari ne mai itatuwan gawo, ruwa na kusa, ko'ina ka haƙa gaba huɗu ka tarar da shi. A nan garin Maigawo yake, da merinsa, wato ofishin magajin gari, da gidan likita, da kasuwar Laraba. Bayan dutsen kuwa fako ne da saura, rijiya sai ta kai gaba arba'in kafin a ga danshi. Tungaye goma sha tara ne a warwatse can sama, kuma a cikin ɗaya daga cikinsu, Tudun Aduwa, Dijatu take.

Dijatu ta ba hamsin baya. Mijinta Manzo ya rasu shekara shida da suka wuce, ɗanta Hafizu yana Kwatano wajen neman abinci, ɗiyarta Anisa kuma aure ya kai ta Abala. Ita kaɗai ce a gidan, sai awaki huɗu. Ungozoma ce tun tana da ƙuruciya, kuma ta yi karatun manya na shekara biyu, har ta iya rubuta Hausa da boko, a hankali, tana cizon leɓe.

Wannan ɗan rubutun ne ya ja mata. Da zaɓen ƙananan hukumomi ya matso, wasu mutane suka hawo dutse daga Maigawo suna neman mace da za su sa a jerin ƴan takararsu, don doka ta ce sai da mata a ciki. Aka nuna musu gidanta. Ba ta ma gama gane abin da suke so ba ta ce to. Aka yi zaɓe, jam'iyyar ta ci, Dijatu ta zama konseye, wato ƴar majalisar komin. Kujera goma sha bakwai ce a majalisar komin. Goma sha shida na mutanen kwari ne. Ta sha bakwai ɗin ita ce tata.

Sau huɗu majalisa ke zama a shekara. Sauran konseyoyi da ƙafa suke zuwa meri, wasu ma sai sun ji an fara jera kujeru suke fitowa daga gida. Ita kuwa tafiyar yini guda da rabi ce. A shekarun nan an hana hawan moto, wato babur, saboda rashin tsaro, don haka amalanken jaki take bi har bakin dutse, ta sauka da ƙafa tana dafa gwiwa, sannan ta zauna gefen hanya tana jiran motar da Allah zai kawo. A Maigawo tana sauka wajen Hauwa, wata ƴar ƙanwar mijinta mai sayar da ƙosai, wadda ba ta da lokacin hira.

A zama na uku ne ta fara gane inda aka sa ta. Wata ƙungiya ta ba komin fanfo uku masu aiki da hasken rana, aka ce majalisa ta zaɓi garuruwan da za a kafa su, bisa yawan jama'a. Sakataren meri, wani saurayi mai sanyin magana ana ce masa Nasiru, ya tashi ya karanta sunayen garuruwa da yawan mutanensu. Dijatu ta kasa kunne tana jiran Tudun Aduwa, ko Tungar Ibrah, ko Rugga Fari. Ya kai ƙarshe ya zauna. Ko ɗaya ba ta ji ba.

Ta ɗaga hannu. Sai da magajin gari Alhaji Isufu ya dubi ɓangarenta sau biyu sannan ya lura.

"Ranka shi daɗe," ta ce, "ban ji namu ba."

"Naku suna ciki, Malama Dijatu," in ji shi. Ba da faɗa ya faɗa ba, mutum ne mai haƙuri. "Tungayenku a takarda ba garuruwa ba ne. Kakanninku daga kwari sunka tashi sunka hau dutse neman gona, to har yau sunansu na ƙarƙashin garuruwan da sunka baro. Ku Tudun Aduwa, ai mutanen Gidan Sani ne."

Sai a lokacin ta tuna Nasiru ya ce Gidan Sani mutum dubu huɗu ne da ɗoriya. Ta san Gidan Sani sarai, dangin mijinta suna can. Gida ɗari bai cika ba. Ashe mutanen tungayensu ne suka cika lissafin. Aka kaɗa ƙuri'a, fanfo ɗaya ya tafi Gidan Sani, inda yaro ma yake jan ruwa da igiya gajeruwa, biyu suka tafi wasu garuruwan kwari.

Da ta koma gida, mata suka tare ta a bakin rijiya. Maƙwabciyarta Mariya, wadda tafukan hannunta suka yi kanta saboda jan igiya, ita ta fara.

"Konseye, mun ji an raba fanfo a rediyo. Ina namu?"

Dijatu ta yi musu bayani yadda aka yi mata. Suka saurara, ba wadda ta katse ta. Da ta gama, Mariya ta ce, "To mi amfanin zuwan naki?" Ta juya ta ci gaba da jan guga. Sauran matan ma suka koma kan igiyoyinsu.

Kwana da kwanaki maganar tana cin ta. Ba ta da wanda za ta yi shawara da shi. Da Manzo yana nan, da ya zauna kan turmi ya bar ta ta yi ta magana har ta gano bakin zaren da kanta, haka yake yi. Yanzu sai awaki. Daga ƙarshe ta ce a ranta, tunda takarda ba ta san da su ba, ita za ta yi tata takardar. Ranar kasuwa ta aika aka sayo mata littafin ƴan lakwal, wato ƴan makaranta, guda biyu da biro uku.

Bayan an gama ɗaurin gero ta fara. Ta ɗauka abu ne mai sauƙi, tunda ba tungar da ba ta taɓa karɓar haihuwa a cikinta ba. A Tungar Ibrah, wadda ta fi duka girma, aka fara nuna mata ba haka ba ne. Tsoho Ibrah, wanda tungar ke amsa sunan kakansa, ya ji abin da ya kawo ta, ya girgiza kai.

"Dijatu, ba a ƙirga ɗan Adam kamar tumaki. Wanda anka ƙirga, ido ya kama shi. Kuma ni ban taɓa ganin gwamnati ta ƙirga mutum don ta ba shi wani abu ba. Ki sha ruwa ki huta, amma kada ki buɗe littafin nan a ƙofar gidana."

Ta sha ruwan. Ta mayar da littafin cikin zane. Ta shiga cikin gida wajen mata kamar mai zuwa gaisuwa, ta zauna tana taya su tsince zogale. Can ta ce wa uwargidan, "Wannan tukunya taku kuwa, mutum nawa take ci da shi?" Matar ta yi dariya ta fara lissafo su da suna, har da mai jego da wanda ya tafi ci rani. Dijatu ta riƙe a ka. Da ta fita bayan gari ta zauna gindin wata sabara ta rubuta.

Haka ta yi wata huɗu. Gida gida, tukunya tukunya. Inda ta samu amalanke ta hau, inda babu ta taka. Wani lokaci ta yi tafiyar rabin yini tsakanin tunga da tunga ba ta gamu da kowa ba sai kurciya da ƙarar takalminta. Ta kan tsaya ta yi azahar a fili, ta ci ɗan dambun da ta ƙulla, ta tarar tana yi wa Manzo magana a bayyane, tana gaya masa adadin da ta samu yau. Sai ta ji kunya ta yi shiru, alhali ba mai jin ta.

Kafin bazara ta ƙare littattafan biyu sun cika. Haɗa jimlar ce ta gagare ta, lambobin sun yi mata yawa. A zama na gaba ta isa meri da wuri, ta tarar da Malam Kailu zaune a baranda. Tsohon malamin lakwal ne da ya yi ritaya, konseye ne na ɗaya jam'iyyar, kuma ɗan Gidan Sani. Ba su taɓa wuce gaisuwa ba. Ta daure ta miƙa masa littattafan.

Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, yana rubutu a bayan wata takarda. Da ya gama ya cire tabaran.

"Ke kaɗai kinka yi wannan?"

"Ni kaɗai, Malam."

"Mutum dubu goma sha ɗaya da ɗari uku. Komin duka dubu arba'in ne." Ya sake ɗan lissafi. "Da a ce kujeru na bin jama'a, da biyar na Bayan Dutse ne. Biyar, ko kusa da haka."

"To in na tashi na faɗa, za ka mara mini baya?"

Malam Kailu ya ninke takardar ya miƙa mata. "Lissafin gaskiya ne," ya ce. "Wannan kam na shaida."

Da aka zo ƙarshen zama, wajen da ake cewa ko akwai mai wata magana, Dijatu ta miƙe. Ta faɗi adadin. Ta ce abu biyu take roƙo. A mai da tungayen Bayan Dutse garuruwa masu sunan kansu a takarda. Sannan majalisa ta rubuta wa na sama cewa komin nan ya yi faɗi da yawa, ko dai a raba shi, ko a riƙa raba kujeru ta yadda kowane yanki zai samu daidai yawan mutanensa.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Yazid, wani matashin ɗan kasuwa da ya yi karatu a Yamai, ya nemi izini ya tashi.

"Inna, da girmanki, amma doka ba ta ce ga konseyen kwari ga konseyen dutse ba. Duk wanda ke ɗakin nan wakilin komin ne gaba ɗaya. Ni ma wakilin mutanenki ne. In munka fara raba kujeru yanki yanki, gobe kowace unguwa ta ce a ba ta tata, mu wayi gari ba komin, sai ƙungiyoyi."

Mutane suka gyaɗa kai. Ita ma ta ga maganarsa ba ta banza ba ce.

"Na ji, ɗana," ta ce. "Tunda kai ma wakilinsu ne, faɗa mini sunan tunga uku daga cikin sha tara."

Yazid ya ce Tudun Aduwa. Ya tsaya. Wani ya raɗa masa Tungar Ibrah. Ta uku ba ta zo ba. Wasu suka yi dariya, shi kuma fuskarsa ta canza, Dijatu ta gane nan take cewa ta yi nasarar magana ta kuma yi asarar mutum.

Wakilin masu gari, wanda ke zama a majalisa ba tare da ƙuri'a ba, ya ce shi abin da ya gani, ana so a raba ɗa da uba ne, a yanke zumuncin da kakanni suka ƙulla. Alhaji Isufu ya ce to a kaɗa ƙuri'a a huta. Masu goyon baya su ɗaga hannu.

Dijatu ta ɗaga nata. Ta bar shi a sama ta dubi layin kujerun ɗaya bayan ɗaya. Sauran matan majalisar, su uku, suna kallon bango. Malam Kailu yana goge tabaransa da bakin riga, ya goge wannan ido ya koma wancan. Ta ji hannun ya fara yi mata nauyi.

"Ɗaya," in ji Nasiru, ya rubuta.

Da aka tashi aka kawo shinkafa a manyan faranti, kowa ya nemi abokan cinsa. Ta ɗebi kaɗan a murfin kwano ta fita bayan meri ta zauna a inuwar katanga. Nan Nasiru ya same ta. Ya tsuguna.

"Inna, ki ara mini littattafan nan zuwa la'asar. Duk abin da anka faɗa a zama dole in rubuta shi, kuma rubutun Filinge shika zuwa, wajen parefe, babban jami'in gwamnati na can. Zan ɗauki hotonsu in haɗa da shi. Ban ce wani zai karanta ba."

Ta ba shi. Da la'asar ya dawo mata da su cikin leda.

Labari ya riga ta hawa dutse, kuma ya canza kama a hanya. Aka ce Dijatu ta kai sunayen mutane meri don a ƙara musu haraji. Aka ce da dabara ta shiga gidaje ta yaudari mata. Wannan na biyun akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ba ta iya musa shi da ƙarfi ba. Tsoho Ibrah ya aiko a gaya mata kada ta sake taka masa tunga. Daga Gidan Sani kuma, dangin Manzo suka aurar da ɗiya ba su aiko mata da goro ba, sai a bakin mutane ta ji. A Tudun Aduwa ba wanda ya yi mata rashin kunya. Ana gaishe ta, a wuce. Da ɗiyar Mariya ta tashi haihuwa, sai aka ɗauko wata ungozoma daga Rugga Fari, Dijatu tana jin kukan jaririn ta bayan darni.

Akwai wani tudu a yammacin gari inda waya ke kamawa. Ranar Juma'a ta hau shi ta kira Hafizu. Ta yi niyyar gaya masa komai, amma da ta ji hayaniyar tasha a bayansa sai ta taƙaita.

"Inna, ki bar musu kujerarsu," ya ce. "Mi kika samu a ciki? Ki zo nan ki zauna da jikokinki."

Ta ce za ta duba. Ta tambayi yara ɗaya ɗaya da suna. Wayar ta katse kafin ta kai ga ƙaramin. Ta daɗe a kan tudun, daga nan ana hango tungaye huɗu, kowace da hayaƙinta.

Ba ta bar kujerar ba. Ta ci gaba da sauka dutse duk wata uku, ta zauna a ƙarshen layi, ta ɗaga hannu idan an zo kan abin da ya shafe su, a ƙirga ta ɗaya. Kujerar ce ta bar ta. Bayan an yi juyin mulki, wata rana rediyo ya ce an rushe majalisun ƙananan hukumomi duka, an naɗa masu riƙo. Ta ji a gidan mai gyaran rediyo tana wucewa, ta tsaya har aka maimaita da Zabarmanci, sannan ta tafi ta kwance awakinta. Abin da ya ba ta mamaki, ta yi zaton za ta ji sauƙi, sai ta ji kamar an sake yi mata rasuwa.

Kusan shekara guda bayan haka wata farar mota ta hawo ta doguwar hanyar arewa, da sojoji biyu a baya. Mutum uku suka fito, ɗayansu riƙe da takardu. Waɗanda suka leƙa suka ce rubutun Dijatu ne a jiki, da karkatattun lambobinta. Wani sabon ma'aikaci ne a Filinge ya ci karo da su a cikin kabad, ya ce a je a duba. Suka zagaya tungaye uku mafiya girma, suka ƙirga gidaje, suka tarar ba ta yi ƙari ba. Ba su biyo ta Tudun Aduwa ba.

Da damina ta matso takarda ta fito. Tungar Ibrah da Rugga Fari da wata ta uku sun zama garuruwa, kowace da mai garinta da sunanta a lissafi. Sauran sha shida suna nan yadda suke. Maganar raba komin ko raba kujeru kuwa, ba wanda ya tayar da ita.

Ranar da za a naɗa Tsoho Ibrah mai gari ba a gayyace ta ba, amma ta tafi. Ta zauna cikin mata a bayan zana, wajen tukwane. Aka yi jawabai. Aka gode wa gwamnati, aka gode wa mai riƙon komin, aka gode wa ƴan gari mazauna Yamai da suka kawo bijimin yanka. Ibrah cikin sabon rawani ya ce tun zamanin kakansa suke jiran wannan rana. Uwargidansa ta hango Dijatu, ta zubo mata shinkafa da tsoka biyu ta ajiye gabanta, ta ce, "Ci, kin sha hanya." Ta koma bakin aikinta.

Tana shirin tashi Nasiru ya zagayo, ashe ya rako baƙi. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, kin ga aikinki."

"Na ga uku," ta ce. "Wannan takarda da ta fito, tana da lamba?"

Ya ce tana da ita.

"Rubuta mini, da ranar da anka sa hannu, da sunan ofishin. Da manyan baƙaƙe, idona ya rage."

Ya yago takarda ya rubuta. Ya tambaye ta ko za ta sake tsayawa in an dawo da zaɓe. Ta ce ba ta sani ba, gwiwoyinta ba sa son dutsen nan yanzu. Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin mayafi.

Amalankan da suka zo daga Tudun Aduwa sai bayan la'asar za su koma, ana jiran makaɗa. Ba ta jira ba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, kuma irin geronta yana rumbu ba ta ko sussuke shi ba. Ta kama hanya ita kaɗai, tana sauri gwargwadon yadda ƙafa ta yarda. Yayyafi ya same ta a rabin hanya, ruwa sosai ya sauko tana shiga gida. Washegari da sassafe ta sussuke irin, ta ɗauki sungumi da ƙwaryar iri ta tafi gona. Tana saran rami, ta dawo ta zuba iri, ta rufe da diddige, aikin mutum biyu. Kwana uku ta yi kafin ta gama shukar.